Mai Riƙe Ɗaya Gefen Zani

Zanen gadon asibiti mutum biyu ke ninke shi. Wanda ya ce maka shi kaɗai zai iya, bar shi ya gwada: ko gefe ɗaya ya share ƙasa, ko ya fito a karkace kamar an ninke shi ana faɗa. Sai wannan ya kama gefe, wancan ya kama gefe, a ja, a kakkaɓe, a haɗa kusurwa, sannan kowa ya tako zuwa wurin ɗan'uwansa har hannu ya taɓa hannu. Abin da Uwar Guga ta fara koya ke nan ranar da aka ɗauke ta aiki a ɗakin wanki na asibiti, can ƙasan gini, inda taga ɗaya ce tak, ita ma ƙafafun masu wucewa kawai ake gani ta cikinta.

Shekara ashirin da takwas ta yi a ɗakin nan. Gajeruwar mace ce mai kauri, hannunta duk ruwan bilic ya cinye layukan yatsu, har 'ya'yanta kan tsokane ta cewa ko ta yi sata ba za a gane ta ba. Injinan wanki huɗu ne, kuma ta san muryar kowanne. Tana tsaka da guga sai ka ji ta ce, "Na uku ya haɗiyi wani abu," a buɗe a tarar da almakashin tiyata a aljihun riga. Sunan Uwar Guga kuwa wani likita ne ya laƙa mata, wai rigar da ta goge masa ta fi shi tsayawa a miƙe. Likitan ya daɗe da tafiya, sunan ya zauna.

Da ita aka ɗauki wata mata rana ɗaya, wadda ake kira Rediyo. Ba sai an yi bayanin dalili ba. Rediyo ce ta san wanda zai yi aure a ɗakin magani, da wanda aka kora a ofishin kati, da abin da matar direban motar asibiti ta ce wa surukarta. Injin wanki na ruri, ita tana ruri a samansa. Ita ce kuma abokiyar ninkin Uwar Guga, don tsayinsu ɗaya, kuma a wannan aiki tsayi ɗaya ya fi hali ɗaya amfani. Tare suka yi goyo, tare suka yi furfura, kuma ranar da mijin Uwar Guga ya rasu, Rediyo ce ta fara isowa da tabarma a hammata.

Abu ɗaya ne ba sa yi tare. Uwar Guga ba ta Kirsimeti.

Ba haka ta tashi ba. A gidansu biki ake yi na gaske, da sabbin kaya da kaji da fitilu masu ƙiftawa a bakin ƙofa. Mahaifiyarta takan fara tanadi tun watan goma. Sai da ta auri wani mai walda, mutum mai ƙarancin magana da yawan karatu, wanda idan ya dawo daga aiki zai wanke hannu sau biyu kafin ya taɓa Maganar Allah. Su biyu suka zauna suna karantawa, suna tambaya, tare da wasu iyalai kaɗan da suke ibada da su. Abin da suka gamsu da shi shi ne, ba a umarce su da wannan biki ba, ba a faɗa musu ranar ba, kuma al'adu da yawa da ke cikinsa daga bukukuwan masu bautar gumaka na dā aka gado su. Ba wanda ya tilasta mata. Ta yi wata uku tana gardama da mijin, har ya gaji ya ce ta bi abin da zuciyarta ta yarda da shi. Da ya daina gardamar ne ma ta yarda. Suka durƙusa a gaban gado suka yi alkawari cewa gidansu zai gode wa Ubangiji kullum, amma ba zai yi wannan biki ba.

Sai dai ƙuruciya ba ta iya ɗaukar gaskiya ba tare da ta zubar a jikin mutane ba. Shekarar farko mahaifiyarta ta zo da kanta, da kwanon abincin Kirsimeti a ka, ta yi tafiyar mota biyu. Uwar Guga, da zafin sabon sani, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mama, wannan ai al'adar masu bautar gumaka ce."

Tsohuwar ta sauke kwanon a hankali. Ta ce, "To, ni ce mai bautar gumakan ke nan? Ni da na koya miki addu'a?"

Shekara huɗu ba ta sake tako gidan ba. An shirya daga baya, don Uwar Guga ta riƙa zuwa ranakun da ba na komai ba tana yi mata wanki da guga, har tsohuwar ta huce. Amma shekara huɗun nan ba su dawo ba, kuma a cikinsu aka haifi babbar 'yarta ba kaka a kusa. Tun daga nan Uwar Guga ta koyi jan bakinta. Abin da ta gaskata ba ta sake shi ba, amma ba ta ƙara jifan kowa da shi ba. Idan aka ce mata barka da Kirsimeti, sai ta ce, "Na gode, Allah ya ba ku lafiya," ta ci gaba da aikinta.

Yaran ma ba su tashi cikin rashi ba, duk da maƙwabta na musu kallon marayu. Mai walda yana da wata ɗabi'a: ranar Talata da ba ta da suna, sai ya shigo da takalma a leda, ko ƙwallo, ko akwatin fensir masu launi. A tambaye shi na mene ne, ya ce, "Na ganku ne na ji daɗi." Har yau idan autansu ya kawo wa matarsa wani abu ba dalili, sai ya ce Talata ce ta motsa.

A wurin aiki kuwa, rashin bikinta ya zama alheri ga kowa. Asibiti ba ya hutu. Mata na haihuwa ranar Kirsimeti kamar kowace rana, ɗakin tiyata na ɓata kaya, dole mutum ɗaya ya zauna a ɗakin wanki. Kafin zuwanta ƙuri'a ake jefawa, kuma duk shekara sai an yi kuka ko an yi gaba. Shekararta ta farko ƙuri'a ta faɗa kan Rediyo, mai jariri ɗan wata bakwai. Uwar Guga ta ce, "Ku sa sunana, ni ba inda za ni." Daga ranar ba a sake jefa ƙuri'a ba.

Matsalar ita ce ninki. Kirsimetin farko da ta yi aiki ita kaɗai, ta dawo gida da wuya a ƙage, don da haƙori ta riƙa kama kusurwar zani. Mai walda ya saurari labarin. Bayan kwana uku ya zo asibitin da wani ƙarfe mai tsawon hannu, da baki biyu masu cizo kamar filaya, an naɗe su da roba don kada su yaga zani. Ya roƙi izini ya ɗaure shi a bango daidai tsayin kafaɗarta. Sai ta maƙala kusurwa biyu, ta ja da baya, ta kakkaɓe, ta tako zuwa bango. Rediyo na ganinsa ta sa masa suna Na-Bango. Takan ce, "Na-Bango ya fi rabin ma'aikatan nan. Bai taɓa cewa kakarsa ta rasu ba." Bayan mutuwar mai walda, duk ranar Kirsimeti Uwar Guga kan sa wa Na-Bango mai kafin ta fara aiki, kuma idan ta tako zuwa gare shi da zani, ba za a ce ba ta ɗan yi masa magana ba.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar ritayarta. A shekarar aka kawo musu sabuwar shugaba, yarinya mai kirki da takarda kullum a hannu, har suka sa mata 'Yar Takarda. Ta duba tsofaffin jadawalin aiki, ta ga suna ɗaya a ranar ashirin da biyar ga watan sha biyu, shekara bayan shekara, abin ya taɓa ta. Ta kuma ga cewa a jadawalin bana, wannan ranar ce aikin Uwar Guga na ƙarshe. Sai ta yi abin da mai kyakkyawar zuciya zai yi idan bai tambaya ba. Ta haɗa kai da Rediyo da sauran a ɓoye, aka shirya walima. Ranar Litinin Uwar Guga ta tarar da takarda mai zanen taurari manne a ƙofar ɗakin wanki: Bikin Kirsimeti da bankwana da Uwar Guga, ranar ashirin da huɗu, a ɗakin cin abinci. Har da ƙarin bayani cewa kyautarta na ƙarƙashin bishiya.

Ta karanta sau biyu, ta ɗaura kyallen aikinta, ta yi guga har azahar ba ta san abin da take gogewa ba. Ta ga kwanon mahaifiyarta a bakin ƙofa tamkar jiya. Idan ta je, ta karya alkawarin da ta yi a durƙushe da mutumin da ba ya nan balle ta nemi shawararsa. Idan ba ta je ba, za ta bar ɗakin nan da mutanen da ta yi rabin rayuwarta da su suna ganin ta raina su. Kuma wannan karon ba ta da shekara huɗu na gyara, kwana tara suka rage mata.

Ta sami 'Yar Takarda a ofis. Ta ce, "Ranki ya daɗe, na ga takarda. Allah ya saka da alheri, na san don ni aka yi. Amma ba zan iya zuwa ba."

Yarinyar ta ce, "Mama, ai minti goma ne. Ba sai kin yi waƙa ba, ki karɓi kyauta kawai."

"Na sani, 'yata. Ba zan iya ba."

Idon yarinyar ya kawo ruwa, ta hau ba da haƙuri, wanda ya fi faɗa zafi. Amma wannan mai sauƙi ne. Rediyo ce ta same ta a gaban injin busarwa, ta tsaya da hannu a ƙugu.

"Yaya, da gaske ne abin da na ji?"

"Da gaske ne."

"Shekara ashirin da bakwai muna cin bikinmu a kan gadon bayanki. Rana ɗaya mun ce bari mu ce mun gode, sai ki ce ba ki zuwa? Ni na zaɓi kyautar nan da ƙafata, shago biyar na shiga. Ko mun yi miki ƙazanta ne? Faɗa mini, in dai mu ne arnan, in sani."

Kalmar ta soki Uwar Guga daidai inda tsohon miki yake. Ta ce, "Ban taɓa cewa haka ba, ko a zuciyata. Ke kin sani."

"Na san me? Ashe ban san komai ba."

Daga nan Rediyo ta mutu, wato ta daina yi mata magana. Wanda bai taɓa zama da mai surutu ba, ba zai gane nauyin shirunta ba. Kwana takwas suna ninke zani tare, a ja, a kakkaɓe, a tako, hannu ya taɓa hannu, ba ko uffan. Rediyo takan kalli bango ta saman kanta. Dogo, mai tura keken kaya daga ɗakunan marasa lafiya, ya shigo ya ji tsit, ya ce ko an yi rasuwa ne, ba wadda ta tanka masa.

A gida 'ya'yanta suka rabu biyu. Babbar ta ce, "Mama, ki leƙa kawai. Allah ya san zuciyarki." Autan ya ce, "Baba da yana nan ba zai je ba." Ta ce su duka su yi mata shiru, ba ƙuri'a take nema ba. Ta yi addu'a, ta yi kuka kaɗan, ta rubuta wa Rediyo 'yar wasiƙa ta yaga, don duk abin da ta rubuta sai ya fito kamar wa'azi. A ƙarshe abin da ta roƙa guda ɗaya ne: kada gaskiyarta ta sake cinye mata mutum.

Ranar ashirin da huɗu, ƙarfe uku, kowa ya cire kayan aiki ya hau sama. Tana jin kiɗa da tafi ta cikin bututun iska. Ta gama gugar rigunan tiyata, ta share ƙasa, ta ɗauki jakarta ta bi ta ƙofar baya. Ba ta taɓa jin hanyar tashar mota ta yi mata nisa haka ba.

Washegari ta fito da sassafe kamar kullum. Titi fayau, motar haya ma daga ita sai direba. A jakarta akwai burodi da shayi a filas da 'yar kwalbar man Na-Bango. Ta gaya wa kanta cewa ba komai, ta yi ashirin da bakwai ita kaɗai, na ashirin da takwas ba zai kashe ta ba. Amma zuciyarta a cushe take, don ta san idan ta rufe ƙofar nan da yamma, shi ke nan, haka za a rabu.

Tun daga matakala ta ji inji na uku yana juyawa. Ta tsaya. Ta ɗauka ko jiya ta manta ba ta kashe shi ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Takardar taurarin nan ba ta ƙofa, sai tabon gam kawai. Ta tura.

Su biyar ne a ciki, kowa da kayan aiki. Dogo na juye kaya daga keke. Mata biyu na rarraba fari da kore. 'Yar Takarda ta sa safar hannu har gwiwar hannu, tana riƙe da tawul kamar zai cije ta. Ba ado, ba kiɗa, ba komai a naɗe. Rediyo na tsaye a tsakiyar ɗaki da zanen gado a hannu, fuska a ɗaure.

Ta ce, "Kin makara da minti huɗu. Kuma kafin ki buɗe baki, ba biki muka zo ba. Aiki muka zo. Ko shi ma akwai abin da ya hana?"

Uwar Guga ta ce, "Babu." Ta ajiye jakarta. "Amma jikokinki fa? Ba yau suke zuwa ba?"

"Suna da uwa. Kaza kuma ba ta gudu, tana cikin firji." Rediyo ta kakkaɓe zanin da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. "Jiya bayan an tashi na sauko ɗaukar jakata. Na ce bari in gwada wannan mijin naki na bango, in ga abin da ake yi da shi. Yaya, zani uku na ninke, kafaɗata ta ce ita ba ta yi. Na zauna a kan bokitin can. Na ce ni ina da hoton kowace Kirsimeti da yarana, tun suna goyo har suka yi gemu, ban taɓa tambayar wa ke riƙe miki ɗaya gefen ba. Sai kuma na zo zan gode miki da abu ɗaya tak da kika ce ba kya so." Ta ja hanci. "Har yanzu ban yarda da ku ba fa. Ni bikina ina nan ina yi, ƙarfe ɗaya zan tafi."

"Ban ce ki bari ba."

"Na sani. Shi ne abin haushin, ba ki taɓa cewa ba."

'Yar Takarda ta matso a hankali. Ta ce, "Mama, ki yafe mini, da na tambaye ki. Kyautar tana ofis, mun cire takardar da aka naɗe ta. Za mu kawo miki gida wata rana da ba ta komai ba."

Uwar Guga ta ce, "Ku zo ranar Talata." Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye, ba wanda ya gane dalili, ba ta kuma yi bayani ba.

Aikin da take yi har la'asar, kafin sha biyu ya ƙare. Rediyo ta dawo tashar da ta saba, ta biya bashin labarin kwana takwas a safiya ɗaya, har da na walimar jiya, inda wai Dogo ya yi rawa ya ture bishiya. Aka raba burodin Uwar Guga gida shida, aka sha shayinta a murfin filas bi da bi. Ita dai tana ta kallonsu. Godiya ta cika mata ciki har ta rasa inda za ta sa ta. Ta gode wa Ubangiji da ya bar mata alkawarinta bai karɓe mata mutanenta ba. Ta gode wa tsohuwar da ta koya mata da tsada yadda ake riƙe baki. Ta gode wa mai walda.

Da aka zo ƙarshe, Dogo ya fito da sukundireba daga aljihu ya nufi bango. Uwar Guga ta ce, "Bar shi, ɗana. Wanda zai zauna baɗi fa?"

'Yar Takarda ta ce, "Daga baɗi mutum biyu ne, rabin yini. Na riga na rubuta."

Dogo ya kwance Na-Bango, ya goge shi da tsumma, ya miƙa mata haka nan tsirara, ba leda ba takarda. Wurin da ya tashi ya bar fari fat a jikin bango, da ramuka huɗu. Ta rungume ƙarfen a ƙirji na ɗan lokaci, sannan ta sa shi a jaka kusa da kwalbar man da ba ta buɗe ba.

Saura zani ɗaya a kwando, na ɗakin haihuwa, da ɗuminsa. Rediyo ta ɗauko ta jefa mata gefe guda. Suka ja, suka kakkaɓe, suka haɗa kusurwa. Uwar Guga ta tako kamar yadda ta saba takowa zuwa bango a irin wannan rana shekara ashirin da shida, sai ga shi bangon ma yana takowa. Hannu ya taɓa hannu. Rediyo ta karɓi kusurwoyin, amma ba ta saki yatsun ba.

Ta ce, "Hannun nan naki kamar soson ƙarfe. In kin je gida ki riƙa shafa mai."

Uwar Guga ta ce to. Suka daɗe a haka, zanin na rataye a tsakaninsu, har na uku ya gama juyinsa ya tsaya.